Ɗan Nasiriya

Salissou yana tsakiyar ɗaure wata doguwar kujera a bayan motar ɗaukar kaya, bakin igiya a haƙoransa, sai Abu Turki ya leƙo ta ƙofar ofis ya ce masa in ya sauke kayan nan kada ya yi nisa, domin bayan la'asar zai kai Abu Nadim filin jirgi.

Ya tofar da igiyar. "Hutu zai tafi?"

"Fita ce, ba dawowa," in ji Abu Turki, ya ja ƙofarsa ya rufe.

Abu Turki shi ne mai wannan wurin haɗa kujeru da gadaje da ke unguwar Shifa a Riyad, kuma shi ne kafilin duk wanda ke cin abinci a ciki, wato wanda ya tsaya masa wajen hukuma. Fasfon kowa yana cikin durowarsa, igamar kowa, takardar izinin zama, da sunansa aka yi ta. In ya ce fita ba dawowa, magana ta ƙare. Abin da ya ƙi shiga kan Salissou shi ne yadda wannan magana za ta faɗa kan Abu Nadim. Kafinta ne ɗan ƙasar Siriya, shekararsa takwas a wurin, ko da wasa ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar da Salissou ya iso daga Maradi, shekara shida baya, ko sunan ruwa bai sani da Larabci ba, Abu Nadim ne ya matsa masa a kan tabarma ya tura masa rabin gurasarsa. Tun daga ranar kwanonsu ɗaya. Kullum in an tashi, Salissou ke rage masa hanya zuwa ɗan ɗakin da yake zaune a unguwar Nasiriya.

Ya dubi teburin aikin Abu Nadim, ya gan shi fayau, ba zarto ba guduma. Yana cikin wannan kallo Zaid mai fenti ya zo wucewa da gwangwani a hannu. Shi ma ɗan Siriya ne, amma bai cika shekara da zuwa ba.

"Allah ya saka maka da alheri, ya Salis," in ji Zaid. "Ba don shaidarka ba da har yanzu yana cikinmu."

"Wace shaida?"

Zaid ya yi wani guntun murmushi ya shige ɗakin fenti.

Salissou ya bar kujera rabi a ɗaure ya nufi kicin wajen Baba Saidou. Dattijo ne ɗan Damagaram, ya haura shekara ashirin a Saudiyya yana dafa wa mutane shayi da gahawa, kuma duk abin da aka faɗa a wurin nan sai ya bi ta kunnensa.

"Baba Saidou, don Allah wace shaida na bayar a kan Abu Nadim?"

Dattijon bai juyo ba. "Rannan da kuke loda gadaje, mi Zaid ya tambaye ka gaban maigida?"

"Cewa ya yi abokina ɗan Nasiriya ne? Na ce i. To ƙarya na yi? Ba can nake sauke shi kullum ba?"

"Nasiriya ya ce ko Nusairi?"

"To mi ya raba su?"

Sai a nan Baba Saidou ya ajiye buta ya dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya taka wuta bai ji ba tukuna.

"Kai Salissou, Allah ya shirye ka. Nasiriya unguwa ce. Nusairi kuwa sunan zagi ne da ake yi wa waɗansu mutane na kan duwatsun ƙasarsu, su da bakinsu Alawiyawa suke cewa. A garin nan ba a lissafa su cikin Musulmi. Kai kuma ka tsaya gaban kafili kana buga ƙirji, wallahi shi ne, ka sani sarai, har gidansu ka sani. Ina nan ina ji. Na ɗauka ma da gangan ka yi."

Larabcin Salissou na direba ne: dama, hagu, ɗora, sauke, nawa ne, ya yi tsada. Da shi ya yi shekara shida yana ratsa Riyad, har ya fara jin kansa, yana gyara wa sababbin zuwa. Yanzu ya tuna ranar tsaf. Ya tuna yadda Zaid ya ce, "Maimaita wa Abu Turki," shi kuma ya maimaita da ƙarfi, yana jin daɗi an tambaye shi abin da ya sani. Ya juya ya nufi waje. Kunya ce ta kama shi da farko, kafin ya kai ƙofar kicin ta zama fushi.

Ya banka ƙofar ɗakin fenti ya ci kwalar Zaid, gwangwani ya kife.

"Munafuki! Da bakina za ka yanka mutum? Ka san ban gane ba! Wallahi ka sani!"

Zaid bai ko yi ƙoƙarin ƙwacewa ba. Ya tsaya yana kallonsa da jajayen idanu.

"Ka san Hama, ya Salis? Garinmu ne. Mutum goma sha ɗaya aka fitar daga gidanmu aka kashe a rana ɗaya, ina ƙarƙashin matakala ina ji. Sojojin da suka yi, na san muryarsu. Ko cikin barci na ji irin wannan harshe zan gane shi. Na ji shi a bakin abokinka. Shaida kawai na rasa."

"Ƙarya kake! Sahu ɗaya muke sallah da shi shekara shida!"

Ya hankaɗe shi ya fita, takalminsa yana barin sawun fenti har ƙofar ofis. Ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

Abu Turki ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma sau da yawa aikinsu ɗaya. Ya saurari Salissou yana haɗa Larabci da Hausa da nuni da hannu, yana nanata Nasiriya, Nasiriya, unguwa, har ya gama. Sannan ya ja dogon numfashi.

"Kana tsammanin ina son rabuwa da shi? A ina zan sami kafinta irinsa? Amma Zaid ya ce in ban sallame shi ba zai kai maganar gaba, a zo a rufe mini wuri. Kai ka jefa mu cikin wannan, kai za ka fitar da mu." Ya nuna Alƙur'anin da ke kan kanta a bayansa. "Bayan la'asar ka zo. Ka ɗora hannu gaban Zaid ka rantse cewa a iya saninka mutumin nan ba Nusairi ba ne. Kowa ya san ba ka ƙarya, shi ma Zaid ya sani. Ka rantse, in sa a soke fitar. Halas, shi ke nan."

"Ko yanzu ma a kawo," in ji Salissou.

"Na ce bayan la'asar. Zaid zai fita aiki yanzu."

Salissou bai kai kujerar mutane ba. Ya ƙarasa ɗaure ta sama-sama ya ɗauki hanyar Nasiriya, yana danna oda ga duk wanda ya tsaya masa a gaba, yana zagin Zaid da Hausa, yana zagin kansa, yana zagin duk wanda ya fara raɗa wa unguwa suna mai kama da zagi. Amma a ƙarƙashin fushin akwai sauƙi. Rantsuwa a kan gaskiya ai ba komai ba ce.

Ɗakin Abu Nadim yana bayan wani babban gida, kusa da tankin ruwa. Ya same shi zaune a bakin katifa, jaka ɗaya a ɗaure, kayan aikinsa a jere cikin tsumma yana shafa musu mai. Mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, ko da yake bai kai arba'in ba.

"Kwance jakar nan!" in ji Salissou tun daga ƙofa. "Ba inda za ka. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ya zayyana masa komai, tun daga tambayar Zaid har zancen rantsuwa. Yana jira ya ga fuskar abokinsa ta saki, ba ta saki ba.

"A kan Alƙur'ani?" in ji Abu Nadim.

"A kansa mana."

Abu Nadim ya naɗe tsumman a hankali ya ajiye gefe. "Zauna, ya Salis."

"Ba lokacin zama."

"Zauna. Zaid bai yi ƙarya ba."

Salissou ya zauna.

"Ƙauyenmu a kan dutse yake," in ji Abu Nadim. "Gida arba'in, zaitun ta ko'ina. Shekarar tamanin da ɗaya, lokacin da 'yan tawaye ke yaƙi da gwamnati, ina aikin soja na dole da ake ɗaukar kowane saurayi. Kakar zaitun ce. 'Yan tawayen suka shigo da hantsi cikin mota biyu. Ba bariki a ƙauyenmu, ba ofishin 'yan sanda, ko wayar tarho babu. Laifinmu shi ne masu mulki daga irinmu suka fito, alhali ko kwalta ba su yi mana ba. Suka tara maza a wurin matsar mai. To akwai 'yan ƙwadago da suka zo tsinka daga gefen birni, 'yan Sunna irin 'yan tawayen, kuma talaka da talaka ba a bambance su da ido. Sai babbansu ya ɗauki butar gahawa da ke kan wuta ya riƙa bin layi yana tambayar kowa, mene ne a cikin wannan?"

Ya dubi Salissou ya ci gaba.

"Ku kuna cewa gahawa. Mutanen ƙasar nan suna cewa gahwa. Mutanen birni a ƙasarmu suna cewa ahwa, suna haɗiye harafin farko. Mu na kan dutse muna cewa ƙahwa, daga can cikin maƙogwaro. Wanda ya ce ahwa aka ce ya tafi. Babana ya gane wasan tun farkon layi, kuma ya iya cewa ahwa, yana kai mai birni. Amma ƙanena Mazin yana gabansa, shekararsa goma sha bakwai, bai taɓa sauka daga dutse ba. Ya faɗa yadda ya iya, aka ja shi gefe. Da aka zo kan babana, ya dubi butar, ya dubi Mazin, ya faɗe ta yadda uwarsa ta koya masa. Mutum goma sha tara aka kashe ranar. Ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon ne ya ba ni labari, yana kuka kamar nasa aka kashe."

Salissou ya buɗe baki ya yi salati.

"Bayan wata uku aka kwashi rundunarmu zuwa Hama. Hafsanmu ya dafa kafaɗata ya ce yau ranarka ce, ka rama. Kwana biyu na yi. Abin da na gani ba zan gaya maka ba, ka tambayi Zaid. A na uku na jefar da bindiga cikin wani kango na gudu. Takardun jabu da nake yawo da su sun ishe ni a nan, amma ba za su wuce idon jami'in filin jirgin Dimashƙa ba. Wanda ya gudu daga soja a waɗannan kwanaki, sunansa yana can yana jiransa. Tun ranar nake cewa ahwa. Watan jiya guduma ta sami yatsana, na yi zagi da harshen ƙauyenmu, sai na ga Zaid ya juyo."

Ya kamata a ce tausayi ne ya cika Salissou, kuma akwai shi. Amma abin da ya fara fitowa fushi ne, sabo fil.

"Shekara shida!" Ya miƙe tsaye. "Kwano ɗaya! Ka san sunan matata, ka san sunan 'ya'yana, ka san har ciwon da ya kashe babana. Ni kuwa ashe ban san kowa ba! Sallar fa? Sallar da muke yi kafaɗa da kafaɗa, wa kake yi wa?"

"Allah," in ji Abu Nadim. "Ko akwai wani?"

Salissou ya fizgi jakar ya fita da ita ya wurga kusa da kujerar mutane.

"Shiga mu tafi. Zan rantse. Ko mene ne kai, zan rantse."

Abu Nadim ya kulle ɗakin, ya sa makulli a kan taga, ya shiga mota.

Duk hanya Salissou yana bitar kalmomin a zuci. A iya sanina. A iya sanina. Kalmomi kaɗan ne, ko minti ɗaya ba za su ci ba. Ya gaya wa kansa Allah yana ganin dalili. Ya gaya wa kansa zai yi azumi, zai yi sadaka, zai je Makka ya kama ƙyallen Ka'aba ya nemi gafara. Da aka kira la'asar ya yi alwala sau biyu, don ta farko bai tuna ko ya shafi kai ba. Abu Nadim ya ce zai jira a mota.

A ofis Abu Turki ya sauko da Alƙur'ani ya ɗora a tebur. Zaid yana tsaye jikin bango, hannu a harɗe. Baba Saidou ya shigo da shayin da ba wanda ya nema, ya maƙale a bakin ƙofa.

Salissou ya ɗora hannunsa na dama. Bangon littafin yana da sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Tun yana ƙarami aka dasa masa tsoron wannan abu, ya ga yadda manya a garinsu ke yarda su bar gona sukutum da dai su dafa Alƙur'ani a kan abin da suke shakka. Fuskar matarsa Sahadatou ta zo masa, da yaransu uku a jere a ƙofar gida.

"Wallahil azim," ya fara. "Wallahil azim, ranar da na yi maganar nan ban san ma'anar kalmar ba. Unguwa nake nufi."

"Wannan mun ji," in ji Zaid. "Yau fa?"

"A iya saninka kawai, ya Salis," in ji Abu Turki da taushin murya, har yana ɗan gyaɗa masa kai. "Ba wanda ya ce ka shiga zuciyar mutum. Ka ce a iya sanina ba shi ba ne. Yalla."

Da a ce da safe ne, da ya faɗe ta sau goma ba tare da ya ƙifta ido ba. Yanzu ya buɗe baki, kalmomin suna nan a jere, ya ji su, amma suka ƙi hawowa. Ya sake gwadawa. Gumi ya tsattsafo masa cikin wannan sanyi. Yana jin ƙarar na'urar. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai dai ya ga Abu Turki ya zare littafin daga ƙarƙashin hannunsa a hankali, ya sumbace shi, ya mayar kan kanta.

"Wakilina yana can ƙofar tashi da fasfo da tikiti," in ji Abu Turki, ba ya kallon kowa. "Kada ku makara."

Zaid bai yi murmushi ba wannan karon. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Hanyar filin jirgin Sarki Khalid doguwa ce, daga kudancin gari har arewa. Salissou ya tuƙa kamar mai faɗa da motar. Abu Nadim bai tambaye shi yadda aka yi ba, fuskarsa ta riga ta faɗa. Sai da suka kai tsakiyar gari Salissou ya yi magana, idonsa a kan titi.

"In sauke ka a kasuwar Batha. Ka ɓace cikin mutane. Akwai 'yan garinmu da za su ɓoye ka."

"Kai fa? Da sunanka motar nan ta fita. Gobe kai za a sa a jirgi, bayan an gama da kai. Wuce."

Suka wuce. Gidaje suka fara raguwa, fili ya buɗe, allunan filin jirgi suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. A nan ne abin ya fashe. Salissou ya daki sitiyari da tafin hannu har oda ta yi ƙara.

"Don me ka gaya mini? Don me? Wa ya tambaye ka? Awa huɗu! Da ka rufe bakinka awa huɗu kacal, da na rantse da zuciya ɗaya, da yanzu kana ɗakinka! Ka yi shiru shekara goma sha huɗu, sai yau ka ga ranar magana? Ka kashe kanka, ka sa ni na riƙe maka wuƙar!"

Hawaye ne ke zubo masa, na fushi, bai ko share ba.

Abu Nadim ya bari har ya gama. Yana kallon gaba, hannayensa a kan gwiwa.

"Zaid ya ari bakinka ba da saninka ba," ya ce. "Ka so ni ma in ara?"

Salissou ya rage gudu, ya bi layin masu sauke fasinja. Can a bakin ƙofa wakilin Abu Turki yana tsaye da ambulan a hannu yana duba agogo. Abu Nadim ya sauka, ya zagaya baya ya ɗauki jakarsa da kansa. Ya dawo jikin taga ya miƙo hannu. Salissou ya kama da hannu biyu ya ƙi saki, har ɗan sandan da ke kula da layin ya zo ya buga bayan motar ya ce a matsa.